Na Je Kuala Lumpur Ɗauko Mai Karatun Dusar Ƙanƙara

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A zumuntar mata, a makaranta, har a layin niƙa, kowa sai ya tare ni: "Malama Rifkatu, yaya Malesiya? Ina kuma Istifanus ɗin da kika je ɗaukowa?" Ta farkon tana da sauƙin amsawa. Ta biyun ce nake ta kewaye-kewaye a kanta, ina cewa yana gaishe ku. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu biyu ne a wurin Mama, ni da ƙanena Istifanus. Baba ya daɗe da rasuwa. Ni ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can ƙasar Bokkos. Shi kuwa injiniyan gini ne, ya samu tallafin karatu ya tafi Kuala Lumpur neman digirin digirgir. Da farko in an ambaci sunansa Mama har wani gyara zama take yi. Abin ya lalace ne ranar da wani ɗan ƙauyenmu mai bin diddigi ya tambaye shi a waya abin da yake karantawa. Shi kuma da gaskiyarsa ya ce yana nazarin yadda mutanen ƙasashen sanyi suka riƙa lissafa nauyin dusar ƙanƙara a kan rufin gine-ginen gona tun zamanin da. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga gari. Wai ɗan Bokkos ya je ƙasar da ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba don ya karanto ta, ya kawo wa ƙasar da ita ma ba ta da ita. Wasu suka ce an yaudare shi, wasu suka ce korarsa aka yi yana ɓoyewa.

Mama ta daina ɗaukar wayarsa. Idanunta sun fara dushewa, ga surutun mutane, ga kewar ɗa. Da hutun makaranta ya zo ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ki je ki taho mini da shi. In ya ƙi, ki gaya masa kada ya ƙara kirana Mama." Na san 'yan watanni suka rage masa ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa, kuma in ya bar wurin yanzu duk shekarun da ya yi sun tafi a banza. Amma gaskiya a lokacin ina bayan Mama. Haushinsa nake ji, don ni ake tarewa da dariyar a kasuwa.

Mama ta cika mini akwati da acca, daddawa, kuka da yaji, wai ko da fushi take yi ba za ta bar shi da yunwa ba. Daga Jos na shiga motar Abuja. Taya ta fashe mana bayan Akwanga, direba ya buɗe but ya tarar da safayar ma ba iska, ya tsaya yana kallonmu kamar mu muka sace iskar. Na isa filin jirgi da ƙura har a gira. A cikin jirgi Allah ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan Kano mai fataucin kayan waya, shi ya ɗaure mini bel, shi ya nuna mini yadda ake buɗe ƙofar bayi bayan na tsaya ina ƙwanƙwasawa da sallama. Da muka sauka a wata ƙasar Larabawa don canjin jirgi ya raka ni har bakin ƙofar da zan shiga. Ya tambaye ni abin da ƙanen nawa yake karantawa, na ce gini. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

A Kuala Lumpur wata yarinya mai ɗankwali ce ta duba fasfona. Ta tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce na zo komar da ƙanena gida. Ta ɗago ta dube ni, ta yi murmushi, ta buga hatimi. Masu duba kaya ne suka buɗe akwatin. Warin daddawa ya bugi na farkon, ya ja baya, ya kira abokinsa. Na ce shi ke nan, yau za a kulle ni saboda miya. Ashe abokin dariya ya zo yi, ya ce su ma suna da irin tata da ake yi da jatan lande, kuma tasu ta fi tawa wari. Suka mayar mini. Abin da suka riƙe shi ne ɗanyen dankalin Turawa da Mama ta cusa cikin zannuwana ban sani ba, da ƙasarsa da komai. Suka ce ba a shiga da shi, suka yi ta ba ni haƙuri har na ji kunya.

Istifanus na tsaye a waje. Na shirya masa faɗa tun daga Akwanga, amma da na gan shi sai faɗan ya maƙale. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya ce, "Yaya, sannu da hanya. Yaya Mama?" Na ce tana nan. Ya ɗauki akwatin bai ƙara tambaya ba. Muna fita ƙofa zafi ya rufe ni, irin na tsayuwa a kan tukunyar tuwo. Ni 'yar Filato ce, ban saba ba, kuma har na baro ƙasar ban daina share gumi ba.

A wata unguwa yake da zama mai suna Danau Kota, dogayen benaye ne cike da ɗalibai. Ɗakinsa na haɗaka ne da wasu samari, saboda haka ya sauke ni wurin maƙwabtansa, wata Bakanuwa da ake kira Maman Amira, mijinta malamin jami'a ne da ya zo ƙarin karatu. Matar nan ba ta taɓa ganina ba, amma ta kwashe 'yarta daga gado ta ba ni. Da asuba in ta tashi salla sai ta riƙa tafiya a kan yatsu don kada ta tashe ni, ranar Lahadi kuma ita ta goge mini kayan zuwa coci. Na tambaye ta dalilin wannan hidima, ta ce, "Haba Anti, a nan duk wanda ya ce sannu ɗan'uwa ne. Kuma Injiniya shi ya yi ta zirga-zirga da mu asibiti lokacin haihuwar Amira."

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne takalma. Kowa a ƙofar gida yake cire nasa, a waje, a hanyar da kowa ke bi, ya kwana a nan ya wayi gari yana nan. Ni dai kwanan farko sai da na lallaɓa na shigo da nawa na tura ƙarƙashin gado. Sai Amira, 'yar shekara biyar ko shida, wadda in ka yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci ko da yaren ƙasar. Na ce, "Amira, za ki kawo mini ruwa?" Ta ce, "Boleh." Na dubi uwar, ta ce wai tana nufin za ta iya. Kafin in tafi na koya mata cewa "to, Anti", ita kuma ta koya mini makan, wato cin abinci, kalmar da ta fi kowace amfani a garin.

Mutanen ƙasar shinkafa suke karyawa da ita. Da sassafe, dafaffiya da madarar kwakwa, da ƙananan busassun kifi, da gyaɗa, da wani jan yaji mai zaƙi. Na ce wa Maman Amira a wajenmu in aka ga shinkafa da safe to ta jiya ce ta kwana. In ka sayi shayi ka ce tapau, wato za ka tafi da shi, sai a zuba maka a leda a ɗaure da zare, ka riƙo shi yana lilo. Ta kai ni kasuwar Chow Kit a wani jirgin ƙasa mai tafiya a sama a kan dogo ɗaya, na rufe ido har muka sauka. Kasuwa ce sosai, da ruwan kifi a ƙasa da turereniya da masu kira, na ji kamar ina kasuwar Taminus ta Jos. Na miƙa yatsa ina nuna kuɓewa, Maman Amira ta yi maza ta sauke mini hannu. "Anti, ba a nuni da wannan yatsan a nan, rashin ladabi ne. Da babban yatsa ake yi." Na ƙarasa cefanen ina dunƙule hannu ina turo babban yatsa, mai kuɓewar tana ta dariya, ta ƙara mini gyara.

Cocin su Istifanus a saman wani garejin gyaran mota yake. 'Yan Filato ne da 'yan Kudancin Kaduna, ana waƙa da Hausa, ana sanarwa da Turanci, matasa na hira da Turancin Buroka. A can ma suna tsokanar Istifanus da Injiniya Ƙanƙara, amma na lura in yana magana shiru suke yi. Hakan bai sauko da ni ba. Ina riƙe da saƙon Mama, ina jiran wurin da zan sauke shi.

Na sauke shi a mamak. Haka suke kiran shagunan abinci na Indiyawa Musulmi, inda ake baza kujeru a bakin titi. Ya saya mini wata gurasa mai laushi da miyar wake, yana cewa, "Ki ci mana, Yaya, lah," irin yadda mutanen ƙasar ke maƙala lah a ƙarshen magana. Na ture farantin na faɗa masa maganar Mama yadda ta faɗe ta, ban rage ba. Na ce, "Kai ma ka duba. Me ya haɗa ɗan Bokkos da dusar ƙanƙara? Ka taɓa ganinta? Su da ka zo wurinsu sun taɓa gani?"

Ya ce, "Malamina ya gani, a ƙasar sanyi ya yi karatu, kuma shi ke da tsofaffin dokokin da nake bi. Yaya, a can, a da, in za a gina gidan mutane, doka ta ce dole rufin ya iya ɗaukar dusar ƙanƙara mai yawa. In kuwa garken shanu ne, ko ɗakin kaji, ko sito, sai a sassauta. Wasu wuraren ma ba ruwan doka da su sam. Suna ganin manomi ba shi da ƙarfin katako mai kauri, kuma ƙanƙarar za ta zame daga kwano, ko ɗumin dabbobi ya narkar da ita. Babban dalilinsu dai shi ne babu mutum a ciki, in ya faɗi dabba ce da hatsi."

Na ce, "To sai me? Su ya dama."

Ya ce, "Irin waɗannan zane-zanen ne suka biyo littattafan noma suka iso wajenmu. Mu kuma muka ce ai ba mu da dusar ƙanƙara, muka ƙara rage katakon." Sannan ya ce, "In Mama ta ce in dawo, zan dawo. Ba zan yi musu da ita ba. Ki ba ni ranar Asabar kawai, akwai inda nake so mu je."

Kafin Asabar ya kai ni makarantarsu in gaida malamin. Wani tsohon farfesa ne ɗan asalin Sin, ɗan ƙanƙani, ofishinsa cike da takardu har kan kujeru. Ya haɗa mini shayi mara madara mara sukari, na shanye don kunya. Ya ba ni labarin lokacin da yake ɗalibi a ƙasar sanyi yana aikin hutu a gonar shanu, mai gonar ya tura shi saman rufi da shebur ya kwashe dusar ƙanƙara, katako na kuka a ƙarƙashinsa. Sannan ya aiki Istifanus ɗauko wani abu, ya juyo gare ni. Ya ce ƙanena ya gama komai sai babi ɗaya, wanda ya shafi ƙasarmu, kuma shi ne zuciyar aikin. Ya yi ta matsa masa, kullum sai Istifanus ya ce akwai wadda zai tambaya tukuna. "Ko ke ce?" in ji shi. Na ce ban sani ba, kuma a lokacin da gaske ban sani ba.

Ranar Asabar muka shiga mota zuwa bayan gari, wani wurin wasa inda ake yin dusar ƙanƙara da inji a cikin wani ƙaton ɗaki, mutane su shiga su ji yadda sanyi yake. Abin ya ba ni dariya. Mu a Bokkos gudun sanyi muke yi, su kuma layi suke bi don su same shi. Aka ba mu aron manyan riguna da takalman roba. Tawa rigar ta kai mini har ƙauri, ga zani a ƙasa, na san da 'yan ajina sun gan ni da na shiga uku. A ciki yara na ta zamiya suna ihu, iyaye na ɗaukar hoto. Na duƙa na ɗebi abin a hannu. Ba shi da wani nauyi, kamar garin rogo mai sanyi.

Na ce, "Wannan ne zai kayar da rufi? Wannan ka bar uwarka a kansa?"

Ya ɗauki wani bokitin roba da yara ke wasa da shi, ya cika, ya danna da hannu, ya ƙara, ya sake dannawa, ya miƙo mini. Na karɓa da hannu ɗaya sai da na kawo na biyu. Ya ce, "Wannan ma ruwan sama bai jiƙa shi ba. Zo ki ga wani abu."

A can ƙarshen ɗakin sun yi wata 'yar bukka ta katako don ado, rufinta a kwance, a jingine da dogon bango. Ko'ina a ɗakin ƙanƙarar shimfiɗe take, amma a kan rufin nan, daidai inda ya haɗu da bango, ta taru ta yi tudu. Istifanus ya ce, "Tsofaffin dokokin sun daɗe ba su san da wannan ba. Sun ɗauka ko'ina daidai take zuba. Sai da rufi da yawa suka rufta aka gane iska na kwaso ta ta tara wuri guda, inda ƙaramin rufi ya jingina da babban bango." Yana magana ina kallon tudun. Na taɓa ganin irin wannan tudun.

A nan dole in faɗi abin da ba ma faɗa a gidanmu. Baba mai kiwon kaji ne. Ɗakin kajinsa a jingine yake da bangon siton dankali, rufin kwano a kwance, katako sirara, yadda kowa ke yi. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma duk ɗan Filato ya san ƙanƙarar farkon damina, wadda ke zubowa kamar tsakuwa ta farfasa ganyen masara. Duk mai kaji kuma ya san abin da ake yi in ta fara. Ƙararta a kan kwano na firgita kaji, su ruga lungu guda su hau kan juna har na ƙasa su mutu. Saboda haka lokacin da kowa ke gudu cikin gida, mai kaji ɗakin kaji yake gudu. Ya shiga tsakiyarsu, yana yi musu magana ko fito, yana raba su da hannu har ta wuce. Haka Baba ya yi wata rana da la'asar. Ƙanƙarar ranar ta yi yawa, ruwa ya biyo bayanta, rufin ya sauko a kansa. An ciro shi da rai, amma bai kai asibiti ba. Istifanus na makarantar kwana a lokacin, kafin ya iso Mama ta sa an kwashe kwanon da katakon duka. Mutane suka ce lokacinsa ne ya yi, muka ce haka ne, muka rufe maganar.

Istifanus ya ce, "Yaya, ke kika gani, ni ban gani ba. Ina ta taru?"

Na nuna masa da babban yatsa, ban ma san na yi hakan ba. Na ce, "Nan. Jikin bangon sito. Ta kai mini gwiwa, kuma har washegari ba ta gama narkewa ba. Ɗaya gefen babu komai."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka lissafina ya ba ni, amma ban taɓa samun wanda zan tambaya ba." Ya ƙara da cewa, "Doka ta sassauta don wai babu mutum a ciki. Mu kuwa daidai lokacin da rufin ya fi nauyi, lokacin ne mutum ke shiga. Su ma can haka ne, manomi ba ya zama a ɗaki shanunsa na ƙarƙashin rufin da ke kuka. Abin da nake so in rubuta ke nan, da yadda za a ƙara katako a wannan wurin kawai, ba sai an kashe abin da manomi ba shi da shi ba. Amma labarin Baba ne. Ba zan sa shi a takarda Mama ba ta sani ba, kuma ban san ta inda zan fara mata ba. Duk lokacin da na kira don in faɗa sai in ƙare da tambayar lafiyar awaki."

Na yi kuka a wurin, cikin rigar aro, yaran mutane na zamiya a gefena. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Shekarun nan duka yana ɗauke da wannan shi kaɗai, mu kuma muna can muna jin kunyarsa. Wata mata da ke kusa ta zaci sanyi ne ya dame ni, ta miƙo mini safar hannunta.

Ana gobe zan tafi na leƙa ɗakinsa da rana na tarar ya haɗa akwati. Littattafan ya ɗaure su a kwali zai bar wa wani ɗalibi. Ya ce ai ya yi mini alkawari. Na ce, "Kwance kayan nan." Ya ce, "Mama fa?" Na ce, "Ni aka aika, ni zan kai amsa." Ban san abin da zan faɗa mata ba, kuma tsoro nake ji, don na san Mama ba ta mayar da magana in ta fita. Na dafa masa gwaten acca da yawa, Maman Amira ta raba a robobi ta sa a firjinta, ta ce ita za ta riƙa tsare shi ya ci.

Na kwana a Jos na isa gida da hantsi. Mama na zaune a tabarma a tsakar gida tana tsintar acca da laluben hannu. Tun kafin in yi gaisuwa ta ce, "Takun mutum ɗaya nake ji."

Na ce, "Ni kaɗai ce, Mama. Ya haɗa kaya zai biyo ni, ni na hana shi."

Ta ajiye faifan. Na zauna a gabanta na fara, tun daga bokitin roba har tudun da ke jikin bango. Da na ambaci ɗakin kaji ta ɗaga hannu kamar za ta tsayar da ni, sai ta sauke. Na gaya mata yadda masu dokar zamanin da suka ce a rage katakon ginin gona tunda babu mutum a ciki. Na gaya mata babi ɗaya ya rage masa, kuma ya ƙi rubutawa sai da izininta. Da na gama sai na fara tunanin na rasa mata ɗa, na kuma rasa wa kaina uwa.

Can ta ce, "Wa ya ce babu mutum a ciki?"

Na ce, "Turawan da, Mama."

Ta ce, "Kira mini shi."

Ringi ɗaya ya ɗauka. Na sa mata wayar a kunne, na ji muryarsa yana cewa, "Yaya, kin isa?" Mama ta ce, "Ni ce." Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci. Sai ta gyara riƙon wayar da hannu biyu.

"Istifanus, ka zauna ka gama. Ka rubuta musu da mutum a ciki, sunansa Bulus. Ka rubuta waƙa yake yi wa kajin don kada su tsorata. Ina kicin ina jin muryarsa ta cikin ƙarar ƙanƙarar, ina jinsa har lokacin da ta yanke."